Littafin ɗan sandan Shikago mai kiɗa 1001, na saya na gwada, ga abin da na gani

Jama'a salamu alaikum. Wata huɗu kenan da sayen littafin nan kuma tun lokacin nake cewa zan rubuta ra'ayina a kai aiki ya hana, yau dai ina hutu kuma ruwan sama ya kulle ni a ɗaki kaman yadda ya saba a garin nan na Ennis a ƙasar Ayalan, na ce to bari in zauna in sauke nauyin. Sunan littafin The Dance Music of Ireland amma a nan ba mai kiransa haka, 1001 kawai suke cewa, tsofaffin makaɗa kuwa "Littafin" suke ce masa, sai ka ce duk duniya ba wani littafi sai shi.

Bari in fara da yadda aka yi ni da ban taɓa karanta rubutun kiɗa ba na ɓuge da sayen abu irin wannan. Akwai wani tsoho maƙwabcina, ya haura 80, ni Baba nake ce masa har ya saba yana amsawa. Bango ɗaya ne tsakaninmu kuma bangon ba kauri, kullum bayan magariba sai ya ɗauko ɗan akwatin kiɗan nan da ake matsawa da hannu biyu, konsatina, wanda mutanen yankin Clare suka shahara da shi, ya yi ta yi har wajen tara. Farkon zuwana wallahi haushi abun yake ba ni, duk kiɗan iri ɗaya nake jinsa, dididi dididi ba farko ba ƙarshe. Sai wata rana a wajen aiki ina goge tebur na kama kaina ina fito da ɗaya daga ciki. Da na gaya masa ya yi dariya ya ce ai shikenan ka kamu, je ka sayi sarewa. Ni kuma dama ina yaro na ɗan taɓa busa sarewar kara a ƙauyenmu, na ce meye a ciki, rami shida ne fa.

Shagon da na je ƙaramin shagon kayan kiɗa ne, matar da ke wajen ta ba ni sarewar ƙarfe ta D, wato mai farawa daga sautin da ake kira D, wai da ita kowa ke farawa, kuɗinta bai kai na abincin rana ba. Ina shirin fita idona ya faɗa kan littafin, na tuna Baba yana yawan ambatonsa, na ɗauka. Ta dube ni ta ce ka iya karanta ɗigon, wato rubutun kiɗan? Na ce zan koya. Ta ce to Allah ya taimaka, a nata yaren dai. Yuro 20 da ɗan wani abu na biya. Da na san abin da take nufi da kallon nan da na tsaya na ƙara tambaya.

Ta fuskar jiki dai bugun da na samu bai burge ni ba, ba zan kama sunan kamfanin da ya buga ba don bugu-bugu ne da yawa a kasuwa kuma ban san ko duk haka suke ba. Bango mai laushi, an manne shi da gam, in ka buɗe tsakiya ba ya zama a buɗe sai ya rufe kansa, kai kuma hannunka biyu suna kan sarewa, don haka sai da na riƙa danne gefe ɗaya da kofin shayi ɗaya gefen da wayata, cikin sati uku shafi biyu suka fita. Rubutun kuma hoton tsohon bugu ne aka sake, ɗigon ƙanana an cusa kiɗa da yawa a shafi guda, wani wajen tawadar ta yi dishi-dishi har ba ka bambance ɗigon yana kan layi ne ko tsakanin layi. In za ku saya ku nemi mai zoben waya a baya, wanda ke kwanciya shimfiɗe.

Abin da ke ciki kuwa, nan ne kuɗinka ya fita. Kiɗan rawa 1001 cif, an jera su iri-iri. Jig mai ninki biyu guda 365, kaman an yi wa kowace ranar shekara nata, ril guda 350, honfayif 150, sauran kuma ƙananan iri ne na jig da kiɗan wasu raye-raye na musamman. Kusan kowanne gajere ne, kashi biyu, kowane kashi gaɓa 8 a maimaita shi, jimla 32 a koma farko. Bambancin yana cikin tafiyar ne, jig uku-uku yake tafiya kaman sukuwar doki, ril huɗu-huɗu a guje ba numfashi, honfayif kuma huɗun ne amma da ɗan ɗingishi da yanga. Sai da na gane wannan kunnena ya buɗe na daina jin kiɗan Baba iri ɗaya.

Mutumin da ya tara su shi ne ya fi ɗaukar hankalina gaskiya, har na fi ɓata lokaci kan labarinsa fiye da busar. Francis O'Neill, an haife shi 1848 a wani ƙauye Tralibane kusa da Bantry a yankin Cork, wato a tsakiyar babbar yunwar nan da dankali ya ruɓe daga 1845, wadda ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya ta kori wasu miliyan daga Ayalan. Yana ɗan shekara 16 ya bar gida ya shiga aikin jirgin ruwa, jirginsu ya taɓa tarwatsewa a wani tsibiri a tekun Fasifik aka ceto su, ya yi kiwon tumaki a Amurka, ya yi koyarwa a Missouri, ƙarshe ya sauka Shikago ya shiga ɗan sanda a 1873. Bai daɗe da fara aikin ba wani ɓarawo ya harbe shi, harsashin yana jikinsa har ya mutu a 1936. Ya yi ta hawa har ya zama shugaban 'yan sandan Shikago gaba ɗaya daga 1901 zuwa 1905. Ku duba fa, kwamishinan 'yan sanda guda, na birni irin Shikago, amma abin da ke ransa shi ne kar kiɗan ƙauyensu ya ɓace.

Kuma wajen ya dace da shi, don yunwa da talauci sun kwaso mutanen Ayalan daga kowane lungu sun zube su a gari ɗaya, ɗan Mayo da ɗan Kerry da ɗan Tipperary waɗanda a gida ƙila har su mutu ba za su haɗu ba, ga su a unguwa ɗaya. In O'Neill ya ji labarin wani gwanin makaɗi ya shigo gari sai ya nemo shi, wasu har ya sama musu aikin ɗan sanda don su zauna kusa, irin su Barney Delaney mai busa algaitarsu mai jaka wadda ake matsa wa iska da gwiwar hannu. Mu a wajenmu wannan sunansa alfarma, kuma da yau ne da tuni an kafa kwamitin bincike, amma dai ga abin da alfarmar ta haifar. Akwai John McFadden mai goge, da Saje James Early, da Edward Cronin, duk sun zuba nasu a ciki.

Abin da ya ba ni dariya kuma ya kwantar min da hankali, shi kansa O'Neill ɗin bai ƙware a rubuta kiɗa ba. Da ka yake riƙe su, mai sarewa ne, kunnensa kaman rikoda. Wani saje ne a ƙarƙashinsa, James O'Neill, sunan ne kawai ya zo ɗaya ba dangi ba ne, ɗan yankin Down, shi ya iya rubutun. Sai maigida ya busa ko ya yi fito saje ya rubuta, ya buga masa da goge, a gyara, a wuce na gaba. Haka suka fitar da babban littafi mai kiɗa 1,850 a 1903, sannan a 1907 suka tace na rawa zalla suka ƙara wasu suka fitar da wannan da ke hannuna. A tsakanin nan ne ma ɗan Francis namiji da ya rage masa ya rasu a 1904 yana saurayi, daga nan aka daina kiɗa a gidansa, amma bai fasa aikin littafin ba. Wannan wajen ya taɓa ni.

To yanzu ga inda gizo ke saƙar. Na yi wata guda cur ina koyon ɗigon nan a YouTube, layi biyar, wannan D wannan E, ina rubuta harafi da fensir a ƙarƙashin kowane ɗigo kaman ɗan firamare. Na zaɓi jig guda mai sauƙi na haddace shi tsaf yadda yake a takarda, ɗigo bayan ɗigo ban tsallake ko ɗaya ba. Ranar wata Lahadi na ƙwanƙwasa ƙofar Baba da sarewata a aljihu, ya zaunar da ni a kicin ya ɗora buta, na miƙe zaune na busa masa tun daga farko har ƙarshe. Ya yi shiru yana juya cokali a kofi. Can ya ce, wane kiɗa ne wannan? Na gaya masa sunan. Ya ce a'a, sake. Na sake. Sai ya kwashe da dariya har da tari, ya jawo konsatinarsa daga ƙarƙashin kujera ya buga, wallahi kiɗan ne dai, ɗigon ne dai, amma kaman an ɗauki gawa an hura mata rai. Yana jan wani sauti ya gutsure wani, yana murɗa yatsa a wasu wurare sauti ɗaya ya zama uku, ƙafarsa tana dukan ƙasa, kuma zagaye na biyu bai yi shi daidai da na farko ba. Ya ce min kai karatu ka yi, ba wanda zai iya taka rawa da wannan. Sannan wai shi ma ba da wannan sunan ya san kiɗan ba, a wajen mahaifiyarsa ya koya da wani suna daban.

Wannan shi ne babban abin da zan gaya wa duk mai son sayen littafin. Rumbu ne, hatsi ne a ciki tsaba, amma ba zai tuƙa maka tuwo ba. Babu darasi ko ɗaya a ciki, ba a nuna maka yadda ake riƙe sarewa ko inda za ka ja numfashi, ba faifai ba komai. Adon da ke sa kiɗan ya zama na Ayalan, murɗa yatsan nan da gutsure sauti, wani wajen an ɗan nuna wani wajen babu, kuma ko an nuna ba ya kama yadda ake yi da gaske. Ga shi mai goge ne ya rubuta, don haka wasu kiɗan suna sauka ƙasa da inda sarewa ta D za ta iya kaiwa, kana cikin tafiya sai ka ga ɗigo ya faɗa ƙarƙashin layi ba ramin da zai ba ka shi, sai Baba ya nuna min dabarar ɗaga shi sama. Masana ma sun daɗe suna cewa akwai kiɗan da aka sa wa alamar maɓalli ba daidai ba, in ka bi takardar ido rufe sai ka ji wani sauti ya yi tsami.

Abu na biyu da ya ɗan ba ni takaici, ni mutum ne mai son sanin asali, kuma littafin bai ce komai a kan inda kowane kiɗa ya fito ba, suna ne da ɗigo shikenan. Wannan bayanin O'Neill ya zuba shi ne a wasu littattafansa na 1910 da 1913, sai ka neme su daban. Da na bi diddigi kuwa sai na ga abin mamaki. Ni a zatona duk kiɗan nan tun kaka da kakanni ne a Ayalan, ashe yawancinsu ba su wuce shekara 300 ba. Ril ɗin da suke taƙama da shi daga Sikotlan ya shigo wajen ƙarshen ƙarni na 18, har wanda kowane yaro ke fara koya, Miss McLeod, ɗan can ne kuma yana cikin littafin zaune daram. Honfayif daga Ingila. Polka, wani irin kiɗan rawar, daga tsakiyar Turai ta zo a ƙarni na 19 ta samu gindin zama a Sliabh Luachra, kan iyakar Cork da Kerry, har yanzu can ne gidanta. Jig ne ya fi daɗewa a ƙasar. Shi O'Neill ma ba duka daga bakin makaɗa ya samo ba, ya kwaso wasu daga tsofaffin littattafai har da wani da aka buga a Boston a 1883, wasu da suka zo masa ba suna shi ya raɗa musu. Da na kai wa Baba wannan labari ina jin na kamo shi, ko a jikinsa, ya ce to sai me, wa ya fi mu iya buga shi yanzu?

Waɗanda suka yaɗa abun a ƙauyuka malaman rawa ne masu yawo gari-gari. Wani Bature ɗan Ingila Arthur Young da ya zaga ƙasar a shekarun 1770 ya rubuta cewa suna bi bukka-bukka tare da mai algaita ko makahon mai goge, ana biyansu sisi duk wata uku. Sisi fa. Kiɗan talakawa ne na rawar tsakar gida da mararraba, shi ya sa manyan da suka fara tattara kiɗan ƙasar ba su cika damuwa da shi ba. Edward Bunting yana ɗan shekara 19 aka ɗauke shi ya rubuta abin da tsofaffin masu garayar nan ta tsaye, wadda hotonta ke jikin kwabbansu, suka buga a taron Belfast na 1792, cikinsu har da Denis Hempson mai shekara 97 da ke kaɗa tsirkiyar ƙarfe da dogayen farce. Amma wannan kiɗan fada ne da waƙoƙi masu taushi. George Petrie da ya fitar da nasa a 1855 shi ma waƙoƙin suka fi jan hankalinsa. Akwai wani limamin coci ɗan Kerry, James Goodman, mai busa algaita, da ya rubuta sama da 2,000 da hannu amma suka yi shekara da shekaru a ajiye a jami'ar Trinity ta Dablin ba a buga ba. Don haka ka ga dalilin da ya sa da na O'Neill ya fito, na rawa zalla kuma mai araha, makaɗa suka rungume shi.

Sai dai ko shi bai yi sarauta shi kaɗai ba, don daga 1921 Michael Coleman ɗan Sligo ya fara ɗaukar faifan garmaho a Niyok, 'yan ci-rani suka riƙa aiko da faya-fayan gida, kowane mai goge ya koma kwaikwayonsa. Baba ya ce a ƙauyensu gida ɗaya ne mai garmaho, nan ake taruwa da dare ana juya faifai ɗaya har ya gaji, littafin kuma mutum ɗaya ne ya iya karantawa, shi ake zuwa wa in an manta kashi na biyu na wani kiɗa. Ina ganin amfaninsa kenan tun asali, abin tuni. Daga baya Séamus Ennis ya zaga yammacin ƙasar a kan keke a shekarun 1940 yana tattarawa, Breandán Breathnach kuma ya fara fitar da nasa tarin a 1963 daga bakin makaɗa masu rai, wanda masu abun da yawa suka ce ya fi kusa da yadda ake bugawa yanzu.

Maganar kuɗi, gaskiya sai in ce ba dole ba ne ka saya. Littafin ya tsufa, haƙƙin mallakarsa ya faɗi, yana intanet kyauta, har an mayar da shi rubutun ABC wanda haruffa ne kawai, ya fi min sauƙin karantawa nesa ba kusa ba. Akwai manhajar Tunepal da za ka busa mata kiɗa ta gaya maka sunansa, na gwada da busata ta ɗan koyo ta yi ta lalube, da Baba ya buga kuwa nan take ta kamo. A Dablin kuma akwai ma'ajiyar kiɗan gargajiya ta ƙasa a Merrion Square da aka kafa 1987, suna da faya-fayai da yawa da za ka saurara a shafinsu ba ko kwabo. Duk da haka ban yi da-na-sanin sayen na takarda ba, akwai daɗi ka zauna kana buɗe shafi kana karanta sunayen kaɗai, na mata, na garuruwa, na barkwanci, wani ma sai ka yi ta tunanin me ya faru har aka raɗa masa haka.

In tauraro ake bayarwa, abin da ke ciki biyar cikin biyar, ɗaurin bugun da na samu biyu, a matsayin littafin ɗan koyo kuwa ɗaya ma don kunya. Wanda ya riga ya iya busa ko goge kuma yana karanta ɗigo, saya kawai kar ka yi shawara. Wanda yake kamata, fara neman mutum tukuna. Yawancin zaman kiɗan nan a mashaya ake yi, ni kuma ba na shiga, amma ƙungiyar raya kiɗan gargajiya ta Comhaltas da aka kafa tun 1951 tana da azuzuwa a zaurukan unguwa da makarantu, a irin wannan nake zuwa yanzu duk sati, ni ne babba a ajin, na kusa da ni yarinya ce 'yar shekara 9 kuma ta fi ni nesa.

Satin da ya wuce Baba ya hau sama da ƙyar ya sauko min da nasa kwafin, na kawunsa ne da aka aiko daga Amurka, bangon ya tafi an ɗaure shi da igiyar takalmi, gefen shafukan duk rubutun fensir ne, an soke wani suna an rubuta wani, wani wajen an soke ɗigon kansa an gyara. Na ce Baba wa ya ba ku izinin gyara wa kwamishina aiki? Ya ce miƙo fensirinka, buɗe naka, wancan jig ɗin da ka kashe min ranar nan akwai ɗigo biyu da za mu cire.